Furoton Ɗaya a Minti Guda

A Damagaram in ka ce aikinka binciken nukiliya ne, hankalin kowa Arlit yake tafiya. Da gaskiyarsu. Tun 1971 ake haƙo uraniyom a can, kuma gidaje da yawa a Birni da Zango suna da wanda ya ci abinci a SOMAIR ko COMINAK. Kawuna ma yana cikinsu, ya yi shekaru yana shiga ramin Akuta har ya yi ritaya, tun kafin a rufe ramin a 2021. Sai dai uraniyom ɗin da ya sani, mai lamba 238, sai ya shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rushe. Cibiyoyin atam ɗin da nake bi kuwa, mai tsawon rai a cikinsu ita ce mai yin ƴan daƙiƙoƙi, wasu ko ƙiftawar ido ba sa kaiwa. Babu ramin da ake haƙo su, babu kwalbar da za ta ajiye su. Ƙera su ake yi, a yi musu tambaya nan take kafin su watse. Na bi wannan aiki tun daga takardar roƙo har zuwa lambar ƙarshe, kuma mafi yawansa a nan garin na yi shi, a ɗakin da ke jikin zauren gidanmu.

Cibiyar atam dunƙule ce ta furoton da nutiron. Yawan furoton shi ke ba sinadari suna: 6 kabon, 8 oksijin, 14 silikon, 92 uraniyom. Lambar da ke bin sunan kuwa, kamar 238 ɗin nan, jimillar furoton da nutiron ce. Nutiron yana iya ƙaruwa ko raguwa sunan bai canza ba, amma in ya yi yawa ko ya yi kaɗan cibiyar ba ta zama lafiya. Waɗanda ke zaune daram wajen 250 ne kacal. Waɗanda aka taɓa gani a labo sun haura 3,000, lissafi kuma yana nuna za su kai kusan 7,000. Dokokin da aka karantar da mu a Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, daga waɗancan 250 da maƙwabtansu na kusa aka ciro su. Babbarsu ita ce wadda Maria Goeppert Mayer da Hans Jensen suka fito da ita a 1949, ta kai su ga kyautar Nobel a 1963: furoton da nutiron hawa-hawa suke zama, in hawa ya cika cif sai cibiyar ta fi na gefenta ƙarfi. Lambobin cikar su ne 2, 8, 20, 28, 50, 82 da 126. Lambobin sihiri ake ce musu, kuma haddace su muka yi don jarrabawa.

To ashe a nesa da gida ba sa riƙe alkawari. A 1975 aka auna nauyin sodiyom 31, mai nutiron 20, a CERN, babban labon Turai, aka ga abin bai yi daidai da na cikakken hawa ba. A 1985 Isao Tanihata da abokan aikinsa a Berkeley suka harba litiyom 11 a kan wasu faifai don su auna faɗinsa. Furoton 3 ne da nutiron 8, rabinsa kan rushe cikin kashi 9 cikin 1,000 na daƙiƙa, amma ya fito da faɗin da ya ba kowa mamaki: nutiron biyu na ƙarshe suna yawo can nesa da sauran, hazo-hazo, har yawonsu na kai faɗin cibiyar darma mai ƙwaya 208. A 2007 a Faransa aka ga silikon 42, mai nutiron 28, yana motsuwa da ƙarfin keV 770 kawai (keV ma'aunin ƙarfi ne, dubu nasa ake kira MeV ɗaya), alhali kalsiyom 48 mai nutiron 28 shi ma sai an ba shi fiye da keV 3,800. A Japan, a labon RIKEN, kalsiyom 54 ya nuna a 2013 cewa 34 sabuwar lambar sihiri ce da babu ita a littafi, oksijin 28 kuma, da aka daɗe ana sa masa ran zama mai sihiri biyu, wato ta furoton da ta nutiron, ya ba da kunya a 2023: yana fitowa ya zubar da nutiron huɗu. Tambayar da ta rage ita ce me ke tura hawayen nan sama da ƙasa, kuma ba a amsa ta sai an auna su ɗaya bayan ɗaya.

Ta hanyar digirin dakta na shiga, irin wanda ake raba kulawa tsakanin jami'ar gida da wata ta Faransa. Wurin gwajin GANIL ne, a garin Caen na yankin Normandi, wanda ke aiki tun 1983. Ba ka isa ka je ka ce a kunna maka inji ba. Takarda ake rubutawa, kwamitin masana daga ƙasashe daban-daban ya zauna ya tace, wasu su samu wasu su rasa. Lokacin feshi, wato lokacin da injin ke turo maka ƙwayoyi, da zango-zango na awa 8 ake ƙirga shi, kuma kowane zango sai ka faɗi abin da za ka yi da shi. Madam, mai kula da aikina daga can, ta turo mini saƙo ina Damagaram: "Kai za ka yi lissafin yawan abin da za mu kama. In lissafin bai tsaya ba, sauran takardar surutu ne."

Dabarar gwajin tsohuwa ce. Diyuteron cibiya ce ta haidurojin mai nauyi, furoton ɗaya da nutiron ɗaya, riƙonsu sako-sako, MeV 2.2 kacal. In ya gifta ta gefen babbar cibiya, wani lokaci sai ta fizge nutiron ɗin ta zaunar da shi a wani gurbi da ba kowa, furoton ya wuce shi kaɗai. Wannan furoton shi ne ɗan aike. Ƙarfin da ya fito da shi yana faɗin tsayin gurbin da nutiron ya shiga, domin ƙarfi ba ya ɓata: ka san abin da ya shigo, ka auna abin da ya fita, ragowar yana cikin cibiya. Kusurwar da ya bi kuma tana faɗin irin kewayen da nutiron ke yi a gurbin, abin da Stuart Butler ya nuna tun 1950. A da diyuteron ake harbawa a kan faifan sinadari. Cibiyar da ba ta wuce daƙiƙa uku ba kuwa, ba a yin faifai da ita. Sai aka juya wasan: cibiyar ce ake harbowa, diyuteron ya zauna yana jira a cikin wata siririyar leda da aka yi da kabon da haidurojin mai nauyi. Abin da juyin ke jawowa shi ne furoton ɗin da muka fi so baya yake dawowa, ta wajen da feshin ya fito, da ƙarfi ɗan kaɗan.

Lissafin da Madam ta ba ni, ɗan shekara ta biyu a jami'a zai iya shi, amma shi ne ya nuna mini girman abin da na shiga. Leda mai nauyin miligiram ɗaya a kowane murabba'in santimita kaurinta wajen maikuron 10 ne, silin gashin kai ya ninka ta sau da yawa. A cikin wannan murabba'in akwai diyuteron kusan biliyan 75 sau biliyan ɗaya. Da jin lambar sai ka ce ai ba makawa sai an yi karo. Ina! Cibiya ƙanƙanuwa ce ƙwarai, atam kusan duk fili ne, don haka a cikin ƙwayoyi miliyan da suka ratsa ledar da ƙyar ɗaya ke fizgar nutiron. In feshin ya kawo 100,000 a daƙiƙa, kamu huɗu ko biyar ke nan a minti. Na'urorinmu ba su rufe kowace kusurwa ba, abin da zai faɗo hannunmu bai wuce furoton ɗaya a minti ba. Mai gaggawa zai ce a ƙara kaurin ledar. In ka ƙara, furoton ɗin zai zubar da ƙarfinsa a hanyar fita, wani da yawa wani kaɗan, gurabe biyu da ke kusa da juna su cakuɗe ka kasa raba su. A kan wannan ciniki, yawa ko tsabta, muka fi daɗewa muna musayar saƙo.

Ba zan faɗi sunan cibiyar da muka auna ba, don ƙa'idar haɗakarmu ce ba a fitar da sakamako sai mujalla ta karɓa. Amma tana da ƴar'uwa da kowa a fagen ya sani. A 2014 aka buga sakamakon irin wannan gwaji da aka yi a GANIL da silikon 34, mai furoton 14 da nutiron 20. An kwatanta shi da sulfa 36, wanda ya fi shi da furoton biyu, kuma waɗannan biyun a tsakiyar cibiya suke zama. Cire su yana barin tsakiyar da ɗan rami. Aka ga tazarar da ke tsakanin wasu tagwayen gurabe na nutiron ta ragu da kusan kashi 25 cikin 100. Masu gwajin suka ce ramin ne sanadi. A 2017 wasu masana a Amurka suka ce a'a, sako-sakon riƙon nutiron ɗin kaɗai ya isa ya jawo haka. Musun nan ne ya buɗe mana ƙofa, kwamiti ya ba mu lokaci.

Yadda ake ƙera feshin abin kallo ne, ko da yake ba ka ganin komai sai lambobi. Manyan injina masu juya ƙwayoyi cikin maganaɗisu suna tura wata cibiya mai zaman lafiya har gudunta ya kai wajen sulusin gudun haske, a maka ta a kan faifan beriliyom. Sai ta farfashe, gutsattsari iri-iri su fito, wadda kake so ƴar mitsitsiya ce a cikinsu. Layin da ake kira LISE shi ke tacewa: maganaɗisu ya lanƙwasa hanya ya zubar da wasu, wani faifai mai siffar weji ya rage musu gudu gwargwadon yawan furoton ɗinsu, wani maganaɗisun ya sake tacewa. Abin da ya iso ledarmu yana gudun kusan kilomita 60,000 a daƙiƙa, tafiyar duka ba ta cika kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Shi ya sa gajeren rai ba ya hana gwaji.

Kafin feshi ya zo an yi makonni ana haɗa kaya. An fara ba ni horon kariya, aka maƙala mini dozimeta a ƙirji, ɗan abin da ke auna yawan tururin nukiliyar da jiki ya sha, sannan aka bar ni na shiga zauren gwaji. A cikin wata tukunyar ƙarfe da ake zuƙe wa iska muka jera na'urorin MUST2. Kowace ɗaya faifan silikon ne mai faɗin santimita 10 a kan 10, kaurinsa maikuron 300, an yanka fuskarsa zare-zare 128 a tsaye, bayansa 128 a kwance, don a san daidai inda ƙwaya ta faɗa. A kewaye da tukunyar aka girke EXOGAM, duwatsun jamaniyom masu kama hasken gama da cibiya ke fitarwa in tana hucewa, waɗanda sai an sanyaya su da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ni aka ba ɗora ledar a kan firam ɗinta. Da safar hannu, da ɗan hantsaki, numfashi a riƙe, domin hucin bakinka ma yana kaɗa ta, in ta yi tattara kaurinta ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Wani tsohon injiniya yana tsaye a kaina bai ce uffan ba har na ɗaure kusoshi huɗun, ya ɗaga firam ɗin ya duba ta fuskar fitila, ya gyaɗa kai. Kafin a rufe zauren sai mutum ya zagaya lungu-lungu yana danna maɓallai don tabbatar da ba kowa a ciki, sannan ƙofar kankare ta rufe.

Daga nan sai zaman gadi, dare da rana, ana karɓa-karɓa. Ni na fi samun dare. Lokacin bazararsu ne, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma, Magariba da Isha'i da Asuba suka matse a ƴan awoyi, na riƙa yin su a wani lungu bayan ɗakin kwamfutoci. Aikin gadi ba shi da wuya, rashin barci ne kawai. Kana kallon yawan feshi, kana rufe fayil ka buɗe sabo lokaci-lokaci, kana rubuta komai a littafin gwaji, har abin da kake ganin ba shi da amfani. Akwai allo ɗaya da kowa ke leƙawa: kowace ƙwaya da silikon ya kama ɗigo ɗaya ce, gefe ɗaya ƙarfinta, ɗaya gefen lokacin da ta ɗauka kafin ta iso. Da fari ɗigo-ɗigo ne barkatai. Awoyi na tafiya sai ka ga suna taruwa a lanƙwasassun layuka, kowane irin ƙwaya da nata. Ayaba ake ce wa layukan nan. Daren da ayabar furoton ta fito sarai, wata ɗalibar Italiya da muke gadi tare ta buga tebur ta tashi ta haɗa mana kofi. Ba wani sakamako ba ne tukuna, alama ce kawai cewa wayoyi sama da dubu suna inda ya kamata.

Da lokaci ya kusa ƙarewa aka yi gardama. Wasu suna so a ci gaba da ledar diyuteron har minti na ƙarshe, tunda furoton ɗaya a minti ba abin wasa da shi ba ne. Madam ta dage sai an cire ta an sa faifan kabon zalla. Dalilinta: a ledar akwai kabon ɗaya a kan kowane diyuteron biyu, shi ma feshin yana dukansa, shi ma yana fitar da furoton, kuma silikon bai san na wane ne ba. Ta yi nasara. Muka yi awoyi muna tara abin da mun san ba ma so. A lokacin ni ma raina bai so ba, amma yanzu in aka ce in zaɓi awoyin da suka fi amfani a gwajin duka, su zan nuna.

Na dawo gida da diski biyu, ɗaya a jakar hannu ɗaya a akwati. Ɗanyen bayanan suna ajiye a cibiyar lissafi ta Lyon, amma da rezon da muke da shi ba a jawo terabait ta waya. Aikin ya faɗo a mummunan lokaci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, mu kuwa a nan ta layin Katsina take zuwar mana. Har aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 kuran sai dai a gan shi a wuce. Na sayi pano biyu da batir, na koyi tsara aiki da rana: lissafi mai nauyi da hantsi lokacin da batir ke sha, karatu da rubutu bayan Asuba. A Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, kwamfutar na rage gudu da kanta, sai na ɗora ta a kan bulo biyu iska na ratsa ƙarƙashinta. Taron mako da ƴan haɗaka kuwa murya kawai nake shiga, ba hoto.

Mataki na farko shi ne saita ma'auni, kuma shi ya fi cin rai. Abin da silikon ke bayarwa lamba ce tsirara, ba MeV ba. Kafin gwaji da bayansa mun sa wani ɗan ƙarfe mai fitar da ƙwayoyin alfa daga fulutoniyom 239, amerisiyom 241 da kuriyom 244, waɗanda aka san ƙarfinsu: MeV 5.16, 5.49 da 5.80. Kowane zare zai nuna tsauni uku, ka ja layi ta kansu, ka sami ma'auninsa. Na'ura huɗu, zare 256 kowace, 1,024 ke nan. Manhajar ROOT ta CERN tana yin lissafin cikin minti kaɗan, amma ba ta da ido. Wata ɗalibata ta shekara ta uku a jami'ar nan ta ce tana so ta ga yadda ake yi, na raba mata hotunan, muka riƙa dubawa ɗaya-ɗaya a ofis bayan darasi. Ranar nan ta tsaya a kan wani.

"Mushe, wannan tsauninsa huɗu ne."

Na ce ta duba na kusa da shi. Ta duba, shi ma huɗu. Ƙwayar alfa ce ke faɗawa a kan iyakar zare biyu, su raba cajin a tsakaninsu, manhajar kuma ta ɗauki tsaunin bogi a matsayin na gaskiya. Ta tambaya ko za mu gyara. Na ce wasu za su gyaru, wasu sai dai a jefar, a kuma gaya wa lissafin cewa wurin makaho ne. Ta yi shiru, ta ce, "Ashe haka binciken yake, Mushe? Na zaci ana ganin atam ɗin." Na ce ko Madam ba ta taɓa ganinsa ba. Ba ta fasa zuwa ba.

A cikin watannin nan ne Kawu ya shigo ɗakin wata la'asar, ya zauna a bakin katifa yana kallon ɗigogin da ke allo. Ya ga hotona da dozimeta a ƙirji, ya yi dariya ya ce shi ma ya ɗauki irinta shekara da shekaru. Sannan ya ce, "To kai ɗan nan, abin da ba ya daƙiƙa uku, me za a yi da shi? Namu dai an san wuta ake yi da shi."

Na ce, "Kawu, naku ta hanyar nawa ya biyo." Na faɗa masa abin da aka sani: uraniyom ba ya ƙeruwa a cikin tauraro mai ci a hankali. Sai a inda nutiron ke zuba tuli, cibiya ta haɗiyi ɗaya bayan ɗaya cikin ƙasa da daƙiƙa, ta cika ta batse, sannan ta riƙa rushewa tana gangarowa har ta tsaya a zinariya ko uraniyom. A Agustan 2017 na'urorin LIGO da Virgo suka ji karon wasu taurari biyu na nutiron, masu duban sama suka juya suka ga hasken da ya dace da ƙeruwar sinadarai masu nauyi. Hanyar da cibiyoyin ke bi a wannan hargitsi, da inda suke cunkushewa, lambobin sihiri ne ke tsara ta. In lambobin suna motsi, lissafin yawan uraniyom da zinariyar duniya ma yana motsi. Kawu ya shafa gemu ya ce, "Ikon Allah. Wato kakannin uraniyom kake bi." Ya tashi ya tafi masallaci.

Bayan ma'auni sai bin sawun feshi. Feshin da aka samu ta farfashe ba tsinin allura ba ne, yana da faɗi, don haka akwai na'urori biyu kafin ledar da ke nuna inda kowace cibiya ta bi, a san inda ta daki ledar da kusurwar furoton ta gaskiya. Sai a gyara ƙarfin da furoton ya zubar a cikin leda da fatar silikon. Sai a zaɓi waɗanda suka zo tare da babbar cibiyar da ta wuce gaba. Duk wannan ya wuce, na zana hoton da aka yi tafiyar dominsa: yawan furoton a kan ƙarfin gurbi. Tsauni ɗaya ya fito a fili, sauran suna zaune a kan wani ƙaton tudu marar siffa. Tudun nan kabon ne. Mai sayar da man gyaɗa da sikeli yakan fara ɗora galan ba komai ya san nauyinsa, ya cire daga baya. Awoyin da Madam ta ƙwato su ne galan ɗinmu. Na daidaita su da yawan feshi da yawan kabon, na cire, tudun ya kwanta, tsaunuka biyu suka miƙe a inda a da kafaɗa kawai ake gani. Biyun suna dab da juna har gindinsu ya haɗe. Hasken gama na jamaniyom ne ya raba su, domin ma'auninsa ya fi na silikon kaifi nesa ba kusa ba.

Saura kusurwa. Kowane tsauni na yanka shi gida-gida bisa kusurwar furoton, na raba da rabon da na'urorin ke iya kamawa a kowane gida, wanda na samo ta kwaikwayon gwajin duka a manhajar GEANT4, har da zaruruwan da muka jefar. Kewayen nutiron yana da lamba, muna kiransu s, p, d, f, wato 0, 1, 2, 3. In aka juya lissafin kamar diyuteron ne aka harba, mai ƙaramar lamba furoton ɗinsa a ƙananan kusurwoyi yake taruwa, mai babba sai can gaba. Na ɗora ɗigogina a kan layukan da manhajar FRESCO ta lissafa. Babban tsaunin ya hau layin f ba gardama. Ƙananan biyun suka bi p. Wannan ɓangaren ina da yaƙini a kansa, siffa ce, ido ma yana gani.

Inda nake taka-tsantsan shi ne lambar da kowa ke son ji, wato kashi nawa na gurbin ne wannan tsaunin ya ɗauka. Ana samunta ne ta raba abin da aka auna da abin da lissafi ya ce, lissafin kuma sai ka ba shi hasashen yadda diyuteron da furoton ke jin jan cibiyar. Hasashen nan iri-iri ne, kuma daga cibiyoyi masu zaman lafiya aka ciro su. Ka canza ɗaya da wani, lambar ta motsa da kashi 20 cikin 100 ba tare da ka taɓa ɗigo ko ɗaya ba. Ko a cibiyoyin da aka fi sani, gwaji da ilektiron ya daɗe da nuna cewa kashi 60 zuwa 70 na abin da sauƙaƙan lissafi ke faɗi ake samu. A ganina takardu da yawa a fagenmu suna rubuta wannan lamba da gaba-gaɗin da ya fi ƙarfinta. Da na tura daftarin farko, wani abokin haɗaka daga Japan ya nemi in sake lissafin da kowane hasashe da ake amfani da shi, in jera su a tebur guda. Na yi. Lambobin sun yi ta hawa da sauka, amma in ka raba ta wannan tsauni da ta wancan, rabon bai motsa sosai ba, tazarar ƙarfin da ke tsakanin p biyun ma haka. A kan waɗannan biyun muka sake gina takardar, lambar da aka fi so ta koma shafi na baya da kuskurenta a gefenta.

Daftarin yana zagaya hannun ƴan haɗaka yanzu, mutum sama da talatin, kowa da gyaransa. A diskin kuma akwai ragowar da ba a taɓa ba: diyuteron ɗin da feshin ya ture ba tare da ya fizgi komai ba, waɗanda suka faɗa na'urar da ke gefe. Da su za a iya auna jan cibiyar kai tsaye a rage dogaro da hasashe. Madam ta amince ɗalibar nan ta ɗauke su a matsayin aikin mastarta, na kwafa mata fayilolin a makon jiya, ta fara da zaruruwa 256 na waccan na'urar.